Lafiya Uwar Jiki: Ciwon ƙugu da motsin da ke sassauta shi a gida

Bazara ta kama a ƙasar Madarunfa. An yi sassabe, an kai taki gona, kowa yana duban gabas. Daga Gabi zuwa Safo, daga Ɗan Isa zuwa Sarkin Yamma, ana ta gyaran ƙotar hauya da sungumi. Amma akwai abin aiki guda wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya ƙi, shi ne bayan manomi. Don haka filin lafiya na wannan wata zai yi magana bisa ciwon ƙugu, wanda waɗansu ke kira ciwon kwankwaso, waɗansu ciwon tsatso, waɗansu kuma ciwon baya kawai.

Damina ba ta jiran mai ciwo. Ruwan da ke sauka daga Yuni zuwa Satumba shi ne abincin shekara. Magidancin da ƙugu ya riƙe kwana 10 lokacin noman fari, kafin ya tashi haki ya rufe hatsi. In yana da kuɗi sai ya ɗauki ƴan barema. In babu, sai akuya ta tafi kasuwa, ko kuwa a ci bashin da za a biya da kaka. Makiyayin da ba ya iya jan guga, dabbobinsa ne ke kwana da ƙishirwa. Uwargida kuwa ko tana ciwo ba a ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, sai dai ta cije.

Ciwon ga ba na Madarunfa kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya. Adadin nan ya ninka jama'ar Nijar duka fiye da sau 20. Hukumar ta ce babu wani ciwo da ya kai shi hana mutane aiki. Amma ta ƙara da magana mai sanyaya rai: cikin masu ciwon 10, wajen 9 ba su da wata muguwar cuta a ɓoye. Ba ƙashi ne ya karye ba, ba jifa ba ne, ba sammu ba ne. Tsoka da gaɓoɓi ne suka gaji, suka sanƙare. Irin wannan mafi yawa yana sauƙi cikin sati kaɗan, sai dai yana da halin dawowa.

Yadda aka gina baya

Duk wanda ya taɓa fiɗar rago ranar Layya ya ga ƙashin baya. Ba sanda guda ba ne. Ƴan ƙasusuwa ne aka jera, wannan bisa wannan. Na mutum masu motsi 24 ne: 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari ya kama, 5 a ƙugu. Biyar ɗin nan na ƙasa su suka fi kauri, su ke ɗauke da nauyin jiki da nauyin duk abin da aka aza a ka. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan uwansa akwai guringuntsi mai taushi, kamar gammo, don kada su goge juna. Ta tsakiyar jerin laka ta bi, jijiyoyi kuma suna fita daga gare ta zuwa ƙafafu. Babbar cikinsu kaurinta ya kai ɗan yatsa. Tana bi ta ɗuwawu, ta bayan cinya, rassanta su kai har tafin ƙafa. In gammon ya kumbura ya danne tushenta, shi ne mutum ke jin ciwo yana sauka ƙafa kamar wuta, ko ƙafar ta riƙa mutuwa.

Jerin ƙashin nan ba ya tsayuwa da kansa. Tsoka ce ke riƙe da shi: ta baya, ta ciki, ta ɗuwawu da ta gefe. Misalinsa kayan jaki ne. In igiyar gefe guda ta yi sako-sako, ta ɗaya gefen ta ɗame, kaya sai su karkace, jaki ya sha wuya.

Wani zai ce: manomi da ke aiki tun asuba har azahar, wane motsa jiki kuma ya rage masa? Tambayar tana da kyau. Amsar ita ce, aikin gona motsi ne iri guda. Mai noma da kwashe duƙe yake. Mai dashen albasa ko tumatir a fadamar Gulbin Maraɗi duƙe yake. Mai ban ruwa a aikin noman rani na Jiratawa, da mai tsinkar zogale, da masuncin da ke jan taru a tabkin Madarunfa, duk gaba suke lanƙwasa. Mace tana shara da gajeriyar tsintsiya, tana wanki a ƙasa, tana tuƙin tuwo, ga goyo a baya. Wuni guda cur baya yana lanƙwashe wuri ɗaya. Waɗansu tsokoki suna shan aiki har su ɗaure, waɗansu ba a taɓa su ba. Motsin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa aikinsa shi ne ya saki waɗanda suka ɗaure, ya tada waɗanda suka yi barci.

Masu wannan sana'a ta gashi da motsa gaɓoɓi, a gidan likita ana ce musu kine. Ba su da yawa a ƙasar nan, kuma mafi yawansu suna manyan asibitocin birane kamar Yamai da Maraɗi. Mutumin ƙauye ba zai iya zuwa birni kowace safiya ba. Amma abin da suke koyarwa ba ya bukatar inji ko kuɗi. Tabarma ta isa.

Wanda bai kamata ya tsaya gida ba

Kafin a shimfiɗa tabarma, wajibi ne a ware. Akwai ciwon bayan da motsi ba ya yi masa magani, jinkiri kuwa yana iya gurgunta mai shi.

Wanda fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suke zubo masa bai sani ba, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa da mazauninsa sun mutu, ko ƙafafunsa suna rasa ƙarfi har yana jan su, a kai shi asibiti ran nan, ko da dare ne. Jijiyoyi ne aka danne, kuma kowace awa tana da daraja. Kada a tsaya neman maɗori. Hakanan wanda ciwon ya kama shi bayan ya faɗo daga itace, daga raƙumi, daga amalanke ko babur, ko sa ya tunkuye shi. Irin wannan a ɗauke shi a kwance bisa ƙyaure ko wani katako mai faɗi, kada a naɗe shi a zaunar da shi bisa babur.

Na biyu shi ne ciwon da ke tafe da zazzaɓi, da zufar dare, da rama, wanda ko an kwanta ba ya lafawa. Ƙwayar tarin fuka ba huhu kaɗai take ci ba, tana cin ƙashin baya. In ta daɗe sai wani ƙullutu ya fito a gadon baya, mutum ya fara doro. Cutar tana warkewa in an kama ta da wuri, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a gidajen likita na gwamnati. Na huhu wata 6 ake sha, na ƙashi ya fi haka daɗewa, kuma ba a yanke shi a tsakiya.

Makiyaya su kula da wannan. Akwai cutar da ke sa shanu da awaki ɓari, ta kumbura musu gwiwa, wadda Fulani ke kira bakkale. Tana kama mutum ta hanyar ɗanyen nono, ko ta taɓa ɗan ɓari da mahaifa da hannu tsirara. A jikin mutum tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufa, da ciwon ƙugu da gaɓoɓi. Sau da yawa ana ta shan maganin masassara a banza. Makiyayin da ke da irin wannan ciwo ya faɗa wa majo cewa an yi ɓari a garkensa, don wannan magana ita za ta nuna hanya. Maganinta sati 6 ne ko fiye. Rigakafinta a tafasa madara.

Sai ciwon da ke gefe guda a ƙarƙashin haƙarƙari, tare da zafin fitsari da rawar ɗari: wannan na ƙoda ne. Mai ganin jini a fitsari, musamman masunta da yaran da ke wanka a tabki da gulbi, a duba shi saboda tsargiya. Mace mai ciki wadda ciwon baya ke zo mata yana tafiya yana dawowa, ko ta ga jini ko ruwa, ta nufi gidan haihuwa. Ƙaramin yaro mai kukan baya, shi ma a kai shi a duba.

Duk waɗannan su fara da likitar da ta fi kusa. In abin ya fi ƙarfinta majo zai tura su asibitin Madarunfa, daga can kuma Maraɗi. Wanda ba ya da ko ɗaya cikin alamun nan, to sauran bayanin nasa ne.

Kwanciya ba magani ba ce

A da, har likitoci suna cewa mai ciwon baya ya kwanta sati guda ko biyu. An bar wannan shawara, don an gwada an ga masu kwanciya sun fi daɗewa ba su warke ba. In ciwon ya yi tsanani, a huta kwana 1 ko 2, amma ko cikin kwanakin nan a riƙa tashi ana zagaya tsakar gida. Daga nan a koma ga ƙananan ayyuka, a bar masu nauyi tukuna. Tsoron motsi shi kansa yana ƙara ɗaure baya.

Zafi yana taimako. A tsoma zane a ruwan ɗumi a matse, ko a ɗumama rairayi a kasko a ƙulle a tsumma, a aza a ƙugu minti 15 zuwa 20. A fara gwadawa a hannu don kada a ƙone. Wajen barci, mai kwanciya ta gefe ya sa matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyinsa, mai rigingine ya sa shi ƙarƙashin gwiwoyi. In za a tashi kada a zabura. A mirgina gefe, a dafa ƙasa da hannu, sannan a miƙe.

Bisa tabarma

A sami wuri mai daidai, a shimfiɗa tabarma, a sassauta mazagi ko ɗaurin zane. Komi a hankali ake yi, ba a fizga, ba a riƙe numfashi.

Mai ciwo ya kwanta rigingine, ya tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. In ya zura hannu ƙarƙashin ƙugunsa zai ji ɗan rami. Aikin farko shi ne ya rufe ramin nan. Ya ja cibiya ciki, ya manna ƙugu da tabarma, ya ƙirga 1 zuwa 5, ya saki. Sau 10. Mai kallo zai ce ba a yi komi ba, don ba a ganin motsin sosai. Amma wannan shi ne tushe, shi ke tada tsokar ciki wadda ke tallafe da baya ta gaba. Ko ranar da ciwo ya fi tsanani ana iya yin sa.

Yana nan kwance, sai ya kama gwiwa guda da hannu biyu, ya jawo ta wajen ƙirji har ya ji ƙugu da ɗuwawu suna miƙewa. Ya riƙe ya ƙirga 20, ya mayar, ya kama ɗayar. Kowace ƙafa sau 3. In wannan bai dame shi ba ya jawo duka biyu tare. Bayan haka ya haɗa gwiwoyi, kafaɗu suna ƙasa ba su ɗaga ba, ya karkata gwiwoyin dama, ya dawo tsakiya, ya karkata hagu, kamar reshe cikin iska. Sau 10 kowane gefe, iyakar inda jiki ya yarda.

Sai a juya rub da ciki. Wannan shi ya fi dacewa da mutanen gona, don shi ne kishiyar duƙe. A kwanta haka minti 2 ana numfashi, a bar baya ya saki. Sannan a ɗaga ƙirji, a dogara bisa gwiwar hannu, kamar yaro mai kallon tururuwa. Mara da cinyoyi suna manne da tabarma. A zauna haka a ƙirga 30, a sauka, a sake har sau 3. Bayan kwana kaɗan, wanda ya ji daɗinsa ya dafa tafin hannu daidai kafaɗa, ya tura ƙirji sama gwargwadon iko, ƙugu yana ƙasa a sake, ya sauko. Sau 10. Hannu ne ke aikin, ba baya ba.

A nan akwai alamar da ya kamata kowa ya sani. In mutum yana da ciwon da ke sauka ƙafa, ya lura da inda ciwon ya nufa lokacin motsi. In yana janyewa daga ƙafa yana taruwa a tsakiyar ƙugu, hanya ta yi kyau, ko da na ƙugun ya ɗan ƙaru. In kuwa yana ƙara gangarawa, daga cinya zuwa sha-raɓa, daga sha-raɓa zuwa yatsu, to wannan motsi ba nasa ba ne, ya bar shi ya riƙe sauran. Ba kowane baya ke son abu guda ba. Akwai tsofaffin da ƙafafunsu ke nauyi in sun daɗe a tsaye ko sun yi tafiya, amma da sun zauna ko sun duƙa sai su ji sauƙi. Su jawo gwiwa zuwa ƙirji ya fi yi musu amfani, gantsarewa kuwa tana iya tsananta musu.

Daga nan a tashi a yi rarrafe, hannu biyu da gwiwa biyu a ƙasa. A tura gadon baya sama kamar tozon raƙumi, kai a sunkuye. Sannan a sassauta shi ya lotsa kamar bayan tsohon jaki, a ɗaga kai kaɗan. A yi ta kai da kawowa tsakanin raƙumi da jaki sau 10. Yara za su yi dariya, ba komi.

Waɗannan duka na sassautawa ne. In ciwo ya fara lafawa, bayan sati guda ko makamancin haka, sai a ƙara na ƙarfafawa, su ne masu hana shi dawowa. Na farko ana ce masa gada. A kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, a matse ɗuwawu, a ɗaga su sama har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa. A ƙirga 5, a sauko a hankali. A fara da sau 5, a riƙa ƙarawa har 15. Na biyu a rarrafe ake yi. A miƙe ƙafa guda baya daidai da gadon baya, a ƙirga 5, a mayar, a canza. Wanda ya gwanance ya haɗa da hannu: ƙafar hagu da hannun dama, ƙafar dama da hannun hagu. Sharaɗinsa kada baya ya karkace. A ɗauka an aza ƙwaryar nono a gadon baya, ba a so ta zube.

Duka aikin bai wuce minti 15 ba. A yi sau 2 a wuni, da hantsi ko kafin a fita, da kuma maraice bayan an dawo. Ɗan ja da ɗan tsami ba laifi ba ne, muddin sun wuce bayan an gama. In an wayi gari ciwo ya fi na jiya, an yi yawa ke nan, a rage rabi, kada a bari gaba ɗaya.

Mace mai ciki kada ta kwanta rub da ciki, kuma in cikin ya tsufa kada ta daɗe a rigingine. Raƙumi da jaki ya dace da ita, amma ta tambayi ungozomar likita ranar awo. Wadda ta haihu ta fara da rufe ramin ƙugu, don ciki yana sassauta tsokar mara, goyo kuma yana jiran ta.

A gona da bakin rijiya

Abin da aka gyara bisa tabarma ana iya ɓata shi a kunya guda. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce wannan: duk ƙarshen kunya, ko bayan kunya biyu, manomi ya miƙe tsaye, ya dafa ƙugu da hannu biyu, ya gantsare baya a hankali sau 3 ko 5, sannan ya koma. Tsofaffi suna yin haka tun ba a faɗa musu ba. Kuskuren shi ne a jira sai baya ya yi kuka. Ranar gayya, samari suna jin kunyar miƙewa don kada a ce sun gaza, ga makaɗi yana zuga su. Kirarin na wuni guda ne, ciwon kuwa sai ya kai sati.

Sassafe ma a yi hattara. Da dare gammon nan na tsakanin ƙashi yana shan ruwa ya cika, har mutum yakan fi tsawo da wajen santimita 1 in ya tashi barci. A lokacin nan baya bai cika son lanƙwasa mai tsanani ba. Mai ciwon ƙugu ya bar ɗaukar kaya masu nauyi sai ya yi awa guda da tashi, jiki ya warware. Tafiya zuwa gona a ƙasa ta isa ta warware shi.

Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. Ba kayan mutum guda ba ne, ko da an saba gani ana yi a kasuwa. A raba shi biyu, ko a kama da wani. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ban da goyo. In za a ɗaga kaya a matso kusa da su, a buɗe ƙafafu, a tanƙwara gwiwa, a rungume su jikin ciki, a tashi da ƙarfin cinya. Abin da ya fi cutarwa shi ne a ɗaga kuma a murɗa jiki lokaci guda, kamar mai loda dammuna bisa amalanke. A juya da ƙafa, jiki duka ya bi. A bakin rijiya mai jan guga ya sa ƙafa guda gaba guda baya, ya riƙa canzawa, kuma a yi karɓa-karɓa. Inda aka sa kurkura ko aka ɗaura wa dabba igiya, baya ya huta.

Maganar ƙota ba ƙarama ba ce. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a shekarar 1975, hukuma ta hana masu manyan gonaki sa ƴan ƙwadago noma da gajeriyar hauya, saboda yawan waɗanda ta lalata wa baya. A nan ba za a ce a jefar da kwashe ba. Hauya ta tsaye ta fi dacewa da jigawa, a ƙasa mai tauri ko laka ba ta shiga sosai. Amma mai ciwon ƙugu da ke da gonar jigawa ya gwada ta tsaye, in kuma kwashe ya zama dole ya sa masassaƙi ya ƙara wa ƙotar tsawo. Tsintsiya ma in an ɗaura mata sanda ta share tsakar gida daidai da gajeriya. Mai wanki ta aza kwano bisa turmin da aka kife ko wani tudu.

Akwai kuma masu ciwon zama: tela, mai tebur, direba, ɗan kabu-kabu, malamin da ke wuni bisa buzu. Su maganinsu tafiya. A ƙasar Ostareliya an gwada da mutum 701 waɗanda suka warke daga ciwon ƙugu, aka bayyana sakamakon a 2024. Rabi aka sa su tafiya a ƙasa a kai a kai tare da yi musu bayani, rabi aka bar su haka. Masu tafiya sun kai wajen kwana 208 kafin ciwon ya sake hana su aiki, sauran kuwa kwana 112. Tafiyar minti 30, kwana 5 a sati, abu ne da mai zama zai iya.

Ƙwaya, allura da ƙaho

Mutane da yawa in sun je likita ba a yi musu allura ba, ko ba a ɗauki hoton ƙashi ba, sai su ce ba a duba su ba. Ciwon ƙugu na gajiya ba ya fitowa a hoto, kuma ana samun masu lafiya lau waɗanda hotonsu ke nuna ƙashi ya tsufa. Kuɗin mota da na hoto gara a sayi hatsi da su, sai fa in likita ne ya ce a yi.

A watan Disamba na 2023 OMS ta fitar da shawarwari bisa ciwon ƙugun da ya wuce wata 3. Ta yarda da bayani ga mai ciwo, da motsa jiki, da tausa, da magungunan rage zafi irin su ibuprofen da diclofenac. Ba ta yarda da ɗamarar baya ba, ko jan jiki da inji, ko ƙwayoyi masu sa maye. Ko waɗanda ta yarda da su na ƴan kwanaki ne, ba na kullum ba. Suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, balle ga mai aiki cikin rana bai sha ruwa sosai ba. Kada a sha su da yunwa. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mace mai ciki kada su sha sai da izinin likita. A saye su a famasi ko a likita, ba a tiren mai yawo cikin rana ba.

Tramol kuwa ya shiga karkara da sunan maganin gajiya. Samari suna jefa shi a shayi ko kofi don su yi noma ba su ji ba. Ba ya gyara komi a baya, yana rufe bakin ciwon ne kawai, mutum ya yi ta aiki bisa rauni. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa ana samun mai 200 har 225. Yana sa faɗuwa kamar farfaɗiya, yana kama mutum har ya kasa fita gona sai da shi, kuɗin barema duka su ƙare a wurin mai ƙwaya. Mai gonar da ke saya wa ƴan aikinsa don su gama da wuri, ya san abin da yake ba ɗiyan mutane.

Tausa da man shanu ko man kaɗe ba ta da laifi, tana saki tsoka. Amma kada babba ya hau bayan mai ciwo ya taka. Ƙaho wani yakan ji sauƙi na kwana ɗaya ko biyu, sai dai askar da ta tsaga wani tana ɗaukar ciwon hanta da sida, don haka mai zuwa wurin wanzami ya tafi da sabuwar reza tasa. Sakiya da ƙarfe mai zafi ba ta kai inda ciwon yake, gyambo kawai take ƙarawa.

A cibiyoyin yaƙi da jahilci ana iya karanta wannan fili a bayyane, mutum guda ya kwanta bisa tabarma ya nuna, sauran su gyara masa, maza daban mata daban. Wanda ya fara yau ya sa alama a bango ko ya ƙulla igiya kowace rana. In an yi sati 6 ana motsin nan ba fashi amma ciwon yana nan yadda yake, ko wata alama cikin waɗanda aka lissafa ta ɓullo a tsakani, sai a tafi likita. A je da kwalin duk maganin da aka sha, a faɗa wa majo ranar da ciwon ya fara, da inda yake sauka, da motsin da ke ƙara shi da wanda ke rage shi.